Tambaya daga Daura: masu binciken gadon jini su ne masu cewa mutum daga biri ya fito? Kuma akwai abinci a harkar?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce daga Daura, na gama digiri a bayoloji ina jiran bautar ƙasa. A aji huɗu wani malaminmu ya ɗan taɓo mamu darasin yadda ƙwayoyin gado ke yaɗuwa cikin al'umma, abin ya tsaya mani a rai don ƙanena sikila ne. Ina son in ci gaba a fannin amma Baba ya ce ya ji an ce su ne masu cewa mutum daga biri ya fito, Yaya kuma ya ce ba aikin da zan samu da shi. Wai mi masu wannan karatun ke yi a zahiri? Sannan wani ya ce mani da DNA ana iya gane ko da gaske Bayajidda daga Bagadaza ya zo.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ƙanen naki lafiya ya sa kaffara ne. Tambayoyi huɗu kika dunƙule wuri guda, to ni da sikilar zan fara, don duk wanda ya karanta fannin nan ko a ina yake a duniya da ita ake fara koya mashi, ke kau tana cikin gidanku.

Akwai wani likita Anthony Allison, an haife shi a Afirka ta Kudu a 1925 amma a gonar ubanshi a Kenya ya tashi, ya karanta likitanci ya wuce jami'ar Oxford a Ingila. A 1949 ya bi wata tawagar ɗalibai zuwa Dutsen Kenya, saura na tattara ciyayi da ƙwari shi kuma yana bin ƙauyuka yana ɗibar jinin mutane, niyyarshi ma ba sikila ba ce, rukunin jini yake dubawa don ya gane dangantakar ƙabilu. Sai ya lura da wani abu da bai je nema ba, mutanen bakin teku da na gefen tafkin Victoria sama da kashi 20 cikin 100 na ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya, wato abin da yau muke cewa AS, amma mutanen kan tudu inda ake sanyi ba su kai ko kashi 1 ba. Abin ya ɗaure mashi kai, don a wancan zamanin yaron da aka haifa SS da wuya ya girma balle ya haihu, kenan duk yaron da ya rasu ya tafi da ƙwayoyi biyu, a lissafi ya kamata abin ya riƙa raguwa har ya ɓace. To mi ke riƙe da ita? Da ya duba sai ya ga inda ƙwayar ta yi yawa nan ne sauro ya yi yawa, kan tudu kuma ba zazzaɓi sosai. A 1953 ya koma ya gwada dubban mutane a gabashin Afirka, har ma ya sa wa wasu manya su 30 ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da gangan, 15 masu AS 15 marasa ita, cikin marasa ita 14 suka kamu, cikin masu AS biyu kacal. Irin wannan gwajin yau sai ka sha tambayoyi wurin kwamitin ɗa'a kafin a bar ka ka taɓa mutum, kuma daidai ne. A 1954 ya buga sakamakon. Daga baya mutumin nan ya bar harkar sikila, shi da matarshi suka samar da wani magani da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kar jiki ya ƙi karɓa, ya rasu a 2014. Na kawo maki wannan ne don ki ga hanyar mai bincike ba miƙaƙƙiya ba ce, ya fita neman wani abu ya dawo da wani.

Abin da ya gano kamar ciniki ne mai riba da faɗuwa lokaci guda. Yaro AA zazzaɓi mai tsanani na iya kashe shi, yaro SS ciwon na iya kashe shi, AS da ke tsakiya shi ya fi tsira, binciken da aka yi daga baya a Gambiya da Kenya ya nuna haɗarin zazzaɓi mai tsanani na raguwa da kusan kashi 90 cikin 100 ga mai AS. Kenan ƙwayar na zubewa ta wani gefe tana ƙaruwa ta wani gefen, sai ta tsaya a wani mataki ba ta ɓacewa ba ta kuma mamaye kowa. Shi ya sa Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasin jarirai wajen 150,000 duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar AS ne. Baƙaƙen fatar Amurka da aka kwashi kakanninsu daga yankinmu, yau wajen ɗaya cikin 13 ne ke ɗauke da ita, don can ba zazzaɓin kuma an yi cuɗanya da wasu jinsuna. Amma don Allah kar wani AS ya karanta wannan ya jefar da gidan sauro, yana kamuwa sarai, tsananin ne ke raguwa.

Kuma duk wahalar nan da ƙanenki ke sha, ciwon ƙashi lokacin hunturu da ƙarin jini da kwana asibiti, harafi ɗaya ne ya canza cikin haruffa biliyan 3 da ke rubuce a DNA ɗin mutum, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadonshi. Vernon Ingram ya nuna a wajen 1956 cewa tubali ɗaya ne tak ya sauya a sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini. A 2018 Charles Rotimi, ɗan Najeriya ne da ke aiki a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, shi da abokin aikinshi Daniel Shriner suka yi lissafi suka ce canjin ya faru sau ɗaya ne a jikin mutum ɗaya shekara wajen 7,300 da suka wuce, lokacin Sahara na da ruwa da ciyawa. Wasu masana na ganin ya fi haka daɗewa, ana nan ana muhawara, haka fannin yake.

Yanzu ɗauko biro mu yi irin lissafin da muke yi. A ce ɗaya cikin huɗu AS ne kuma ana aure ba gwaji. Yiwuwar miji ya zama AS ɗaya cikin huɗu, matar ma haka, su haɗu duka biyu ɗaya cikin 16, sannan kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne zai zo SS, kenan ɗaya cikin 64, wajen yara 16 cikin kowane 1,000. Wannan ɗan lissafin shi ne tushen fannin gaba ɗaya, wani malamin lissafi a Cambridge mai suna Hardy da wani likita Bajamushe Weinberg kowa ya gano shi daban a 1908, daga baya su Fisher da Haldane da Wright suka gina sauran a kai. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake fassara ɗaya cikin huɗun nan a gari, sai ki ji saurayi na cewa ai in mun haifi huɗu ɗaya ne kawai zai yi, mu tsaya a uku. Ba layi ake bi ba, kowane ciki ƙuri'arshi daban, na san gidan da yara uku a jere duk SS, na san wanda suka haifi shida ba ko ɗaya. Auren zumunci ma da ake yawan tambaya ta, 'ya'yan wa da ƙane sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka in akwai wata ɓoyayyar cuta da ba kasafai ake samunta ba a dangi tana iya bayyana, amma ita sikila ta yi yawan da ko bare ka aura daga Funtua ko Zinder sai an yi gwajin.

To aikin kenan a taƙaice, ƙidaya. Wace ƙwaya ce ke da yawa a ina, tana ƙaruwa ko raguwa, mi ya sa, ƙaura ce ko aure ko cuta ko dai sa'a ce kawai. Kuma ba mutane kaɗai ba. Ke ƙila ba ki riski zamanin kulorokwin ba, ki tambayi Mama ta ba ki labarin ɗacinshi da ƙaiƙayin da yake sawa, magani ne da ya yi aiki shekara da shekaru sannan ya daina, saboda cikin ƙwayoyin zazzaɓin akwai 'yan kaɗan masu wani canji da ke sa su fitar da maganin, aka kashe saura su suka hayayyafa suka cika gari, har Najeriya ta koma ga haɗin magungunan zazzaɓi da ake kira ACT wajen 2005. Malawi ta janye shi tun 1993, bayan shekaru da aka dawo aka duba sai aka tarar masu jurewar sun kusa ƙarewa, don in ba maganin canjin nan nauyi ne gare su. Sauro ma haka yake yi da maganin da ke jikin gidan sauro da wanda ake fesa wa auduga da kayan lambu. Masu gero da dawa da wake su ma wannan ilimin suke amfani da shi wurin neman irin da ke jure fari da ƙuduji.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Fulani. Yawancin manya a duniya in suka sha ɗanyar madara cikinsu na ƙugi, don jiki na daina narkar da sukarin madara bayan yaye, amma al'ummun da suka daɗe da kiwo da yawansu ba su dainawa. Sarah Tishkoff da tawagarta sun nuna a 2007 cewa makiyayan gabashin Afirka na da nasu canjin daban da na Turawa, abu ɗaya ya faru sau da yawa a wurare daban daban. Su kuma Fulanin yammacin Afirka da aka duba, irin canjin da ke jikin Turawa da wasu mutanen arewacin Afirka ne aka samu gare su. Mu Haɓe da muke shan fura da nono lafiya lau, tsamin da nonon ya yi ne ya rage sukarin. Sannan a Burkina Faso a 1996 David Modiano ya nuna Fulani sun fi maƙwabtansu Mosawa jure zazzaɓi duk da sauro ɗaya ke cizonsu kuma ba su fi su yawan AS ba, har yau ba a gama kwance dalilin ba. Ga aiki nan kwance a rugagen da ke tsakanin Daura da Mai'adua.

Maganar Baba. Ba zan yi maki ƙarya ba don in samu ɗaliba, fannin nan reshe ne na ilimin juyin halitta, kuma a littattafan da za ki karanta za ki tarar an ce mutum da birai manya sun haɗa asali mai nisa na miliyoyin shekaru, ba wai birin da kike gani ya rikiɗe ya zama mutum ba kamar yadda ake yaɗawa, amma dai maganar na nan kuma za ta zo a jarabawa. Ni Musulmi ne ina salla ta ina aikina, na kuma yi aiki da Musulmi da Kirista masu riƙo da addini da ke wannan fannin, kowa da yadda ya daidaita abin a zuciyarshi. Abin da ya shafi halittar Annabi Adamu alaihis salam ki zauna da malamin da kika yarda da iliminshi, ni ba mufti ba ne. Abin da zan iya shaida shi ne aikin da nake yi kullum, sauro ya daina jin magani, ƙwayar cuta ta sauya, sikila ta yi yawa nan ta yi ƙaranci can, wannan ido na gani kuma manomin da ke ware zangarniya mafi kyau ya aje don iri shi ma abin da yake yi kenan tun kaka da kakanni. Ki zauna da Baba cikin ladabi ki fara mashi da zancen ƙanenki da lissafin 64 ɗin nan, kar ki je da gardama, dattawanmu in suka ga amfanin abu ba su da wuyar sha'ani.

Bayajidda kuma, na yi dariya da na karanta don ba ke kika fara tambaya ta ba. Gajeriyar amsa a'a. Kafin ka ce wane ɗan wane ne ta DNA sai kana da samfurin shi wanen ko na zuriyar da ba shakka a kanta, mu kau labari muke da shi na baka, rijiyar Kusugu da macijiya da Daurama da Bawo, kuma ko da wani baƙo ɗaya ya zo daga gabas shekara dubu da suka wuce, rabonshi a jinin mutumin yau ya narke, don duk tsara rabi ake yi, bayan tsara 30 ba abin da za ka kama sai dai ta layin uba zalla. Abin da ilimin ke iya gani shi ne ƙaurar jama'a masu yawa. Misali a 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinshi sun bayyana wani layin uba da ake kira R1b-V88 da ke da yawa tsakanin masu harsunan dangin Hausa a kewayen tafkin Chadi, danginshi na can wajen Afirka, amma shigowarshi ta kai dubban shekaru, ta girmi zamanin da ake ba labarin Bayajidda nesa ba kusa ba. Sai ki yi hattara da masu ɗauko irin wannan a Facebook suna cewa ƙabila kaza ta fi kaza asali. Tun 1972 Richard Lewontin ya lissafa cewa wajen kashi 85 cikin 100 na bambancin gado da ke tsakanin 'yan Adam a cikin kowace al'umma yake ba tsakanin al'ummu ba, Hausawa biyu a kasuwar Daura na iya bambanta fiye da yadda ɗayansu ya bambanta da wani Babarbare. Hausa ma ai harshe ne da al'ada da suka haɗiye mutane iri iri.

Saura Yaya da maganar abinci, kuma yana da 'yar gaskiya. Ba za ki ga an manna takarda a sakatariya ana neman mai wannan ilimin ba, kuma digiri ɗaya ba ya isa, sai kin yi na biyu kin yi na uku, ki ƙiyasta shekara shida zuwa takwas nan gaba, ki sa wannan cikin lissafin aure da komi tun yanzu. Albashin koyarwa a jami'a kin san yadda yake ga yajin aiki. Amma ƙofofi na nan. Akwai cibiyar binciken gadon ƙwayoyin cuta ta ACEGID a jami'ar Redeemer's da ke Ede ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, su suka tabbatar da Ebola a Legas a 2014, su kuma suka fara karanta jerin gadon ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Akwai cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta WACCBIP a jami'ar Ghana da ke ɗaukar ɗaliban yammacin Afirka da tallafi. In tsirrai kike so ga cibiyar binciken noma ta IAR Samaru a Zariya, ga IITA da ICRISAT, cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, duk suna da ofis a Kano, ga cibiyar noman tsandauri ta BUK. Kuma duniya na buƙatar mu ko ba ta so, wani ƙidaya da aka buga a 2019 ya nuna kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka kashi 2, alhali Afirka ta fi ko'ina yawan bambancin gado. A wani babban aiki da ake kira 1000 Genomes na karanta gadon dubban mutane daga sassan duniya, daga Najeriya Yarabawan Ibadan da Esan ne a ciki, ba Hausawa ba Fulani ba Barebari. Kenan maganin da za a ƙera gobe bisa wannan bayanin ba da jikinmu aka auna ba.

Abin da ba a faɗa wa ɗalibai shi ne farar riga da madubin gwaji kaɗan ne a aikin, ni kaso mafi yawa na lokacina gaban kwamfuta nake. In kin san kin gudo bayoloji ne don tsoron lissafi to ga shi nan ya tare ki a gaba. Ki yi amfani da shekarar bautar ƙasar nan ki koyi ilimin ƙididdiga da R ko Python, wato harsunan ba kwamfuta umarni, da ɗan Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta, darussan kyauta ne a intanet, bayanan gadon dubban mutane da na sauro ma kyauta ake saukewa, laftof mai ɗan ƙarfi da data da wurin caji kawai kike buƙata. Wanda ya iya wannan ko ya bar bincike ba ya rasa aiki wurin masu harkar lafiya da ƙungiyoyi.

Sai kuma aikin fili, wanda ke da kike 'yar gida kin fi baƙo sauƙinshi. Ba a faɗa wa ƙauye da sirinji haka nan, sai an bi ta hakimi da dagaci da mai unguwa da liman, a yi wa mutane bayani da Hausar da suke ji, mi za a yi da jinin, ina za a kai shi, wa zai gani, kuma wanda ya ce ba ya so a ƙyale shi. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, zarginsu na da tushe. Mace kuma na shiga cikin gida inda ni sai dai in tsaya zaure, wannan kaɗai ya sa tawaga da yawa ke neman irinku. Wahala dai akwai ta, ni na taɓa yin wata biyu ina tara samfur da damina, na aje a firizar wani ɗakin gwaji na tafi gida hutun salla, wuta ta ɗauke janareto ba mai, na dawo na tarar komi ya narke ya lalace, ranar zama na yi bakin ƙofa kamar an yi mani rasuwa. Tun daga nan nake ɗiga jinin a takardar tace ta musamman ya bushe, ita ba ruwanta da NEPA, kuma komi nawa kashi biyu nake raba shi in aje wuri biyu.

In kin samu inda aka tura ki bautar ƙasa ki nemi a kai ki asibitin da ke da sashen masu sikila ko ɗakin gwajin jini maimakon ofis, ki roƙi izini a hukumance ki duba rajistar gwajin jinotayif na shekara biyu ko uku ba tare da sunayen mutane ba, ki ƙirga AA nawa AS nawa SS nawa, ki gwada da lissafin Hardy da Weinberg ki ga ko ya yi daidai. Ba zai yi daidai ba, don masu zuwa asibiti ba su ne hoton gari ba, to ki zauna ki rubuta dalilan da kike jin sun sa, shafi biyu ya isa, ki turo mani in duba. Ki gaida Baba da Yaya, ki kuma tabbata ke ma kin san naki jinotayif ɗin, a gwada a wuri biyu daban.